Kashi na 23: Tsohuwar Golf GTI ko Sienna? Rigimar da ta raba ƙanina da Baba

 Ga rubutaccen kashin wannan makon, saboda 'yan uwa da data ba ta bari su saurara ba.

Yau maganar mota za mu yi, kuma rigimar gidanmu ce na kwaso na kawo muku ɗungurungum. Mu mutanen ƙasar Gwaram ne, ni aiki ya zaunar da ni a Birnin Kudu. Ƙanina ya gama bautar ƙasa, ya tara 'yan kuɗaɗe daga alawus da noman riɗi na damina biyu. Ran nan ya je Kano sayo kayan injin ban ruwa, sai a wani gareji wajen Ƙofar Ruwa ya yi arba da ita: Golf 2 GTI, ja, mai ƙofa biyu, da jan zaren nan da ya kewaye gabanta, da kan giya mai kama da ƙwallon golf. Tun daga ranar yaron nan bai sake barcin kirki ba. Ya kira ni ƙarfe 11 na dare, ya ce, "Yaya, wallahi in ka ji kukan injin nan sai ka manta da duk wata mota."

Baba kuma nasa tsarin daban. Shi so yake a haɗa kuɗin yaron da na Kawu a sayi Sienna 'yar 2011, a riƙa hidimar gida da ita, ranar da babu hidima a ɗauki shata zuwa Kano ko Dutse. Da aka nuna masa hoton Golf ɗin a waya, kallo ɗaya ya yi ya ce, "Motar da Innarku ba za ta iya shiga ba, ita ce mota?" Shi kenan aka ja daga. Ni aka sa a tsakiya, wai tunda na fi kowa surutun mota.

To bari mu fara da abin da ake kira GTI ɗin, don kada wani ya ɗauka irin Golf 3 ɗin tasha ce da ake cusa mutum huɗu a baya biyu a gaba. Dangi ɗaya ne amma ba hali ɗaya ba. Kamfanin Volkswagen na Jamus ya fitar da GTI ta farko a 1976. Dabarar mai sauƙi ce: a ɗauki ƙaramar mota mara nauyi, a sa mata injin da ya ɗan fi ƙarfinta, a ƙarfafa ƙafafunta. Ta farkon nauyinta kilo 810 ne kacal, ƙarfin doki 110. Guda 5,000 suka yi niyyar ƙerawa, ƙarshe sai da suka sayar da sama da 400,000. Golf 2 kuma an yi ta ne daga 1983 zuwa 1992, GTI ɗinta mai bawul 8 na da inji lita 1.8 da doki 112, nauyinta bai cika tan ɗaya ba. Akwai mai bawul 16 da ta kai doki 139, amma ta ƙanina ba ita ba ce.

Wannan aƙida ta rage nauyi tsohuwa ce a duniyar motocin gudu. Colin Chapman, Baturen Ingila da ya kafa kamfanin Lotus, a kanta ya gina sunansa. Hujjarsa ita ce ƙarin ƙarfin inji a miƙaƙƙiyar hanya kaɗai yake taimakonka, amma rage nauyi yana taimakonka a tashi, a kwana, a birki, har a shan mai. Motarsa Lotus Elan ta 1962 ba ta kai kilo 700 ba. Daga baya Japanawa suka ɗauki darasin suka yi Mazda MX-5 a 1989, kujera biyu, ƙasa da tan ɗaya, kuma sun sayar da sama da miliyan ɗaya. Wato ƙanina ba hauka yake ba. Akwai miliyoyin mutane a duniya da ke da irin ciwonsa.

Sienna fa? Toyota ta fara yin ta a 1997 don iyalan Amurka, kuma a can ake haɗa ta, a jihar Indiana tun daga 2003. Wadda Baba yake so, ƙirar da ta fara daga 2011, tana da inji silinda 6, lita 3.5, doki 266, giya atomatik mai hawa 6. Nauyinta ya doshi tan 2, tsawonta ya haura mita 5. Golf 2 ko mita 4 ba ta cika ba.

Yanzu ga inda na fara ɓata wa ƙanina rai. Na ce masa zo mu yi lissafi. In kana son sanin wace mota ce ta fi saurin tashi, kada ka tsaya kan doki kawai, raba dokin da nauyi. GTI: doki 112 a kan kusan kilo 950, ya ba ka wajen doki 118 a kowane tan. Sienna: doki 266 a kan kusan tan 2, ya ba ka wajen 135 a kowane tan. Kun ji fa. Motar kai amarya ta fi motar gudun ƙarfi, ko da an cire maganar girma. A gwaje-gwajen da aka yi musu suna sababbi, Sienna kan kai gudun 100 daga tsaye cikin daƙiƙa 8 ko kusa da haka, GTI mai bawul 8 kuma sai ta doshi 10. Kuma wannan lokacin tana sabuwa kenan. Injin da ya haura shekara 30, wanda bakanike nawa suka buɗe Allah kaɗai ya sani, ba doki 112 ne a cikinsa yanzu ba. Wasu dawakan sun daɗe da mutuwa.

Ya ce ƙarya ne, takarda daban titi daban. Na ce ai shi kenan, mu gwada.

Mai garejin ya yarda muka ajiye kafin alƙalami, ya haɗa mu da yaronsa muka taho da ita kwana biyu. Ta Wudil, Kwanar Huguma, har Birnin Kudu. Sienna kuma na aro ta wani abokin aikina, irin ƙirar da Baba yake so. Da sassafe muka ɗauki hanyar Gwaram, muna musanya.

Zan faɗa muku gaskiya tsakani da Allah: da na shiga Golf ɗin nan, na gane abin da ya kama yaron. Kana zaune ƙasa-ƙasa kamar a kan tabarma. Sitiyarin yana gaya maka komai, in tayar gaba ta taka tsakuwa sai ka ji a tafin hannunka. Ka taka kuloci, ka jefa giya ta uku, injin ya yi wata ƙara daga maƙogwaro, motar ta zabura kamar ɗan akuyar da aka kwance. In ka karkata sitiyari kaɗan, ta riga ta juya, babu jira babu tangaɗi. Na ji kamar muna tashi sama. Da na duba agogon gudu, 90 muke yi. Tasa'in kacal, jama'a!

Da na koma Sienna sai shiru. Sanyin AC, kujera kamar ta falo, ba ka jin inji ba ka jin iska. Na ɗan taka totur don in wuce wata tirela, kafin in ankara allura ta haura 130, alhali a jikina ji nake kamar 80 nake yi. Nan na ɗaga ƙafa, gabana yana faɗuwa.

Wannan shi ne sirrin duka rigimar, kuma shi na fi so ku riƙe. Jikin ɗan Adam ba ya auna gudu da lamba. Da ƙara yake aunawa, da girgiza, da kusancin idonka da kwalta. Tsohuwar ƙaramar mota tana ba ka duk waɗannan da yawa, sai ka ji daɗin gudu tun kana kan gudun da doka ta yarda da shi. Sabuwar babbar mota an yi ta ne don ta ɓoye maka su, an cusa mata abin tare ƙara a ƙofofi da ƙasa, an ɗaga kujerarka sama. Daɗi ne ga fasinja, amma tarko ne ga direban da ba ya duba agogo. A gudun 120, kowace daƙiƙa ɗaya kana cin mita 33. Kafin ƙwaƙwalwarka ta ce "ga saniya" ƙafarka ta isa birki, ka riga ka shafe tsawon gidaje biyu ko uku. Kuma nisan da birki yake buƙata ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake: daga 80 zuwa 120 gudun ya ƙaru da rabi, amma nisan tsayawa ya ninka fiye da sau biyu. Duk wanda ya san hanyarmu ranar kasuwar Sara, da babura da amalanke da shanu da yara masu talla a bakin titi, ya san me nake nufi.

A kwana kuwa, nan Golf ta rama. Tsayinta wajen mita 1.4 ne, Sienna ta doshi 1.8, kuma nauyinta yana sama. In ka shiga kwana da ƙarfi, Sienna sai ta kwanta gefe guda kamar kwale-kwale, kana jin tan biyu yana son ya wuce kai tsaye. Golf ko a jikinta. Amma akwai abin da Sienna take da shi wanda Golf 2 ba ta taɓa mafarki ba: na'urar da Toyota ke kira VSC. Kwamfuta ce da ke lura da inda ka nufa da sitiyari da inda motar take tafiya a zahiri. In ta ga sun saɓa, wato mota ta fara zamewa, sai ta kama birkin taya ɗaya ita kaɗai ta rage wutar inji, ta dawo da kai layi kafin ma ka gane. Amurka ta wajabta irin wannan na'ura a kan duk sababbin ƙananan motoci daga ƙirar 2012. A Golf 2, in baya ya zame a kan yashin da ruwan sama ya kwaso ya zuba a kwalta, daga kai sai hannunka sai addu'ar iyaye.

Sai dai fa duk wannan lissafin na motar da ba a zalunta ba ne. Sienna kujera 7 ko 8 gare ta. In aka mayar da ita irin yadda ake yi wa Sharon a tasha, mutum 11, buhunan riɗi a but har ƙofa ba ta rufuwa sai da igiya, wani lodin a saman rufi, to an kashe duk fifikon da na lissafa. Dokin kowane tan ya faɗo ƙasa da na Golf, birki yana aikin da ya fi ƙarfinsa, lodin sama ya ƙara mata saurin kifewa. Babu kwamfutar da ke gyara obalodi.

Yanzu maganar da ba a so, haɗari. Samari suna yawan cewa motar da ƙarfe ce zalla, ta yanzu kuma gwangwani. Wannan magana ta kashe mutane da yawa. A 2009 cibiyar IIHS ta Amurka, mai gwajin haɗarin mota, ta haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba, kowacce a gudun kusan kilomita 64. Bidiyon yana YouTube, ku nema. Tsohuwar mai "ƙarfe zalla" ta murƙushe har cikin mazaunin direba, sitiyari ya taso wa ɗan gunkin da ke ciki. Sabuwar gabanta ya lotse, amma ɗakin fasinja ya tsaya. Ai lotsewar gaban da gangan aka tsara ta, don ƙarfe ya shanye dukan maimakon ƙirjinka. Golf 2 ta fi motar 1959 nesa ba kusa ba, amma ba ta da jakar iska ko ɗaya, kuma an daina yin ta tun kafin Turai ta fara gwajin Euro NCAP a 1997. Sienna 'yar 2011 na da jakar iska a gaba, a gefe, da labulen da ke saukowa har layin baya.

Ga kuma nauyi. Ku ɗauka mota mai tan 2 da mai tan 1 sun yi karo gaba da gaba, kowacce tana 60. Bayan karon, babbar za ta tura ƙaramar baya da gudun wajen 20. Wato mutanen cikin babbar sun sauko daga 60 zuwa 20, jikinsu ya sha canjin 40. Na cikin ƙaramar sun tashi daga 60 gaba zuwa 20 baya, canjin 80 kenan, ninki biyu, cikin ƙiftawar ido. Rashin nauyin da yake sa GTI daɗi a kwana, shi ne yake cin amanarta ranar karo. A hanyar da tireloli da tankoki ke bi dare da rana, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Da na yi wa ƙanina wannan lissafin a bayan takardar magani, bai ce komai ba.

Amma kada ku ɗauka Baba ya ci wasan a sauƙaƙe. Aljihu yana gefen yaron. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kowa ya koma lissafin lita. Sienna tana shan lita 11 zuwa 12 a kilomita 100 in tana lafiya, GTI wajen 8. Mu ɗauka zuwa Kano da dawowa kilomita 250 ne don sauƙin lissafi: Sienna wajen lita 28, Golf 20. In kai kaɗai ne a mota, Golf ta yi maka adalci. In mutum 7 ne a Sienna, kowa lita 4 ya sha, mutum 4 a Golf kuma kowa lita 5. Don haka tambayar ita ce mutum nawa za ka riƙa ɗauka a yawancin ranaku, ba ranar biki kaɗai ba.

Gyara ma haka. Injin Golf a buɗe yake, bakaniken bakin tasha zai canza maka fulogi huɗu kafin shayinka ya huce, kuma wasu kayan nata suna shiga da na sauran Golf da suka cika gari. Matsalarta ɗaya: abin da ya sa ta zama GTI shi ne tsarin feshin mai na nozul, kuma da ya fara ciwo, abin da yawancin masu gyara ke yi shi ne su cire su ɗora kafireta. Daga ranar sunan GTI ne kawai ya rage a bodi. Sienna kuwa ba ta cika lalacewa ba, amma in ta tashi ba ta da arha. Fulogi uku na baya sai an kwance bututun iskar saman inji kafin a kai gare su. Giyabos ɗinta yana da nasa man na musamman, in aka zuba kowane iri an gama da shi a hankali. Wayar ƙofar gefe mai zugewa da kanta tana tsinkewa. Kuma in fitilar inji ta kama, na'urar duba kwamfuta ake nema, ba kunnen oga ba.

Tunda mun zo nan, ga abin da na koya wajen dubawa, ko zai yi wa wani amfani. "Sabuwa" da muke cewa, motar 2011 ce da ta gama wahala a Amurka kafin ta hau jirgin ruwa. In ka murɗa makulli, fitilun jakar iska da ABS da VSC dole su kama na 'yan daƙiƙu sannan su mutu. In ba su kama ba sam, wataƙila an cire ƙwan ne don a ɓoye maka cewa jakar ta taɓa fashewa an ɗinke wurin. Duba lamba huɗu ta ƙarshe a gefen taya bayan rubutun DOT: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Sannan ka tambaya ko mai jan ƙafa huɗu ce, domin irin wannan Sienna ba ta zuwa da safaya daga kamfani. Ka yi faci tsakanin Gwaram da Basirka da magariba ba safaya, za ka tuna da ni.

Abin da ya yanke hukunci dai ba lissafina ba ne. Inna tana da ciwon gwiwa da hawan jini, duk wata sai an kawo ta asibitin tarayya na Birnin Kudu ganin likita. Yammacin rana ta biyu ƙanina ya ce bari ya zaga da ita a Golf ɗin, ko ta sa masa albarka. Gaba ta yi mata ƙasa da yawa, in ta zauna tashi sai an ɗago ta. Baya kuma sai an kwantar da kujerar gaba an sunkuya an ratsa. Ta gwada sau biyu, ta dafa ƙofa tana murmushi ta ce, "Auta, motar taka kyakkyawa ce, Allah ya sanya alheri. Ni dai bari in koma ciki." Da aka zuge mata ƙofar Sienna kuwa, taku ɗaya ta yi ta zauna, har da miƙe ƙafa.

Washegari da kansa ya mayar da Golf ɗin Kano. An cire wani abu daga kafin alƙalamin, bai yi musu ba. Ni kuma, in faɗi gaskiya, da na ga jan bayanta ya sha kwana ya ɓace, sai da na ji wani iri, don a shekara goma da nake tuƙi babu motar da ta sa ni dariya ni kaɗai a bayan sitiyari sai ita.

An sayi Sienna wata biyu da suka wuce, rabi nasa rabi na Kawu. Shi yake jan ta. Baba ya kafa masa sharaɗi biyu, mutum 7 ban da direba, kuma allura kada ta wuce 100. Na farkon yana kiyayewa. Na biyun, Inna ce ke zama a bayansa tana leƙen agogo. Lambar mai garejin kuma har yau tana wayarsa, ya ce mini makon jiya ya kira, ba a sayi motar ba tukuna, kuma riɗin bana ya yi kyau.

Sai mun haɗu a kashi na gaba, in sha Allahu. Ku huta lafiya.